Jan Kaki a Ranar Sanyi

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma da ba ta iya jira ba. Ko shayi aka zuba mata, sai ta ƙona harshe. Shi ya sa kakanta yake kiran ta Uwar Gaggawa.

Kowace shekara, idan aka ba da hutun sanyi a watan Fabrairu, 'yan gidansu sukan tafi tsaunuka wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Sukan kama ɗan gidan katako kusa da inda kujerun waya suke ɗaukar mutane zuwa sama. Bana su huɗu ne: Mama, yayanta Eskil, ita, da Kaka Arnfinn, mahaifin Mama. Babansu yana aiki a jirgin ruwa, bai samu hutu ba.

Kaka ba ya hawa kujerun waya. Yakan ce, "Wanda aka ɗauka aka kai saman dutse, ai bai hau dutse ba." Shi dogayen katakon zamiyarsa yake ɗaurawa a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya kama hanya yana fito da baki.

A gidansu akwai al'ada. Duk yaron da ya cika shekara goma, Kaka da kansa zai kai shi Bukkar Hankaka, can ƙololuwar dutse. A bukkar akwai wani tsohon littafi. Wanda ya isa da ƙafarsa, sai ya rubuta sunansa. Sunan Mama yana ciki. Sunan Eskil ma yana ciki. Bana layi ya zo kan yarinyar, kuma an sa ranar Alhamis.

Abu ɗaya ne yake damun Mama.

"Baba, idonka fa," in ji ta. "Jiya gishiri ka kusa zubawa a kofi. Wanda ba ya gani sosai ba ya kai yara nesa."

"Idona garau," in ji Kaka. "Tun daga nan ina hango furfurar da ta fito miki."

Mama ta yi dariya, amma ba ta bar zancen likita ba.

Aikin shafa kaki a ƙasan katako kuwa na Kaka ne shi kaɗai. Kakin, mai kama da kakin zuma, shi ke sa katako ya kama ƙanƙara idan ana hawa, ya kuma sulale idan ana gangara. Kullum da safe sai ya duba ma'aunin sanyi a bakin taga. Sai ya damƙo dusar ƙanƙara ya matsa a hannu. Sannan ya buɗe akwatinsa ya zaɓi gwangwani. Akwai shuɗi, akwai kore, akwai ja.

"Wannan akwati ba a taɓa shi sai an tambaye ni," yakan ce.

Ranar Laraba aka fita gwaji a wani ɗan tudu. Yarinyar ta yi ta kokawa da shi. Ta taka uku gaba, ta sulale biyu baya. Eskil ya tsaya a sama yana ɓare lemo.

"Ke, gaba ake zuwa, ba baya ba," in ji shi. "A haka sai bikin Ista za ki isa bukkar."

"Katakon ne ba ya kamawa."

"To a lafta miki jan kaki mana. Shi ne mai kamawa kamar danƙo."

Eskil tsokana yake yi. Amma maganar ta zauna mata a rai.

Alhamis ta waye da rana mai kyau. Sama tas, babu ko iska. Kaka ya fito daga ɗakin ajiya yana murza hannu.

"Ma'aunin sanyi ya nuna takwas ƙasa da sifili," in ji shi. "Na shafa wa kowa. Wai wa ya ga tabarauna? Tun jiya nake nema."

Babu wanda ya gani. Aka zauna cin burodi da cuku. Yarinyar ta cusa nata a baki, ta sulale zuwa ɗakin ajiya.

Akwatin yana kan benci. Ta buɗe. Ga jan gwangwani nan yana ƙyalli. Ta lafta shi a ƙasan katakonta, a kan shuɗin da Kaka ya shafa. Sai ta tuna gwiwar Kaka tana yi masa ciwo idan ana hawa. Ta ce a ranta, bari shi ma in taimake shi. Ta lafta wa nasa har ya fi nata kauri.

Kakin ya ɓata mata safar hannu. Ta cusa safar a aljihu, ta sa wata. Ta kwashi katakon kowa ta jera a waje, a kan ƙanƙara.

"Iye, yau Uwar Gaggawa ta yi abin kai," in ji Kaka da ya fito. Ita kuwa sai murmushi take yi.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Katakonta ba ya ja baya ko kaɗan. Har ta juya ta yi wa Eskil gwalo.

Ba a yi nisa cikin dajin ba, sai ƙafarta ta fara nauyi. Ta tura, katako ya ƙi sulalewa. Ƙanƙara ta manne a ƙasansa, ta yi tudu. Kowane taku sai tudun ya ƙaru. Ta koma tana dogarawa kamar mai tafiya a kan tubali.

"Mama, dubi, ta ƙara tsawo," in ji Eskil.

Mama ba ta yi dariya ba. Kaka take kallo. Shi ma ya tsaya yana haki. Ya kwance katakonsa ya juya shi. Ya kankare ƙanƙarar da farce. Ja ya bayyana.

Ya duba na yarinyar. Ja. Ya duba na Mama da na Eskil. Shuɗi.

Kaka ya ajiye katakonsa a ƙasa.

"Shekara hamsin ina shafa kaki," in ji shi a hankali. "Ko yaron goye ya san ba a sa ja a irin wannan sanyi. Ja na ranar da ƙanƙara ta fara narkewa ne. Ashe na ɗauki gwangwanin da ba shi ba, na shafa wa mutum biyu, ban gani ba."

"Baba, ɗakin ajiyar akwai duhu," in ji Mama.

"A'a, Solfrid. Gaskiyarki ce tun farko. Wanda ba ya bambanta ja da shuɗi, in hazo ya sauko, da wane ido zai ga sandunan da ke nuna hanya? Na gama kai yara dutse." Ya juya ga yarinyar. "Ki yi haƙuri, jikata. Baɗi mamarki ta kai ki. Eskil, in mun koma, akwatin ya zama naka."

Aka juya. Kaka ya saɓa katakonsa a kafaɗa, yana tafe yana nutsewa a ƙanƙara har gwiwa. Bai yi fito ba. Bai tsokani kowa ba. Yarinyar ba ta taɓa ganin sa ya tsufa haka ba.

Ta bi bayansa tana tunani. In ta yi shiru, babu wanda zai sani. In ta yi magana, Mama za ta yi fushi, Eskil kuma zai yi ta yi mata dariya har a koma makaranta. Ta sa hannu a aljihu, ta ji safar nan mai danƙo.

Ta yi taku goma. Ta yi ashirin. Sai ta tsaya.

"Kaka."

"Na'am."

"Ba idonka ba ne. Ni ce." Ta ciro safar ta miƙa masa. Hawaye suna zubo mata, sanyi yana busar da su. "Shuɗi ka shafa. Ni na ƙara ja a kai, lokacin da kuke karyawa. Na ɗauka zai taimaki gwiwarka."

Kaka ya karɓi safar. Ya juya ta. Ya sa farce ya ƙara kankare katakonsa da ƙarfi. Can ƙarƙashin jan, sai ga shuɗi.

"Sake faɗa in ji," in ji shi.

"Ni ce na shafa."

Kaka ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Solfrid, kin ji ko? Eskil, ka manta da zancen akwati."

"Na ji," in ji Mama. "Likita dai sai ka gan shi." Sannan ta durƙusa gaban yarinyar. Fuskarta babu wasa. "Me kakanki ya ce game da akwatin nan?"

"Kada a taɓa sai an tambaye shi."

"Kin tambaya?"

"A'a."

"Kuma kina ji ya ɗora wa kansa laifi, kika yi shiru."

"Na ji tsoro ne, Mama. Ku yi haƙuri."

"Laifi biyu ke nan," in ji Mama. "Na biyun kin gyara shi da bakinki, kuma na ji daɗi. Na farkon kuwa da hannunki za ki gyara."

Ranar dai ba a je Bukkar Hankaka ba. Lokaci ya riga ya tafi, rana kuma ba ta daɗewa a wannan wata. Da rana Eskil ya tafi hawa kujerun waya da abokansa. Ita kuwa tana ɗakin ajiya da ɗan abin kankara a hannu. Jan kaki ba ya fita da sauƙi. Ya manne mata a yatsu, a riga, har a gashi. Katako huɗu ta kankare, nata biyu, na Kaka biyu. Kafin ta gama, hannunta ya yi tsami.

Juma'a ta zo da iska mai ƙarfi. Ko rufin maƙwabta ba a gani. An tsayar da kujerun waya, kowa ya zauna a gida. Yarinyar ta manna goshi a taga.

"Gobe ce kaɗai ta rage," in ji ta. "In iskar ba ta tsaya ba fa?"

"To sai baɗi," in ji Kaka. "Jiya ce ranar da dutse ya ba mu, muka ɓatar. Dutse ba ya lallashin kowa. Zo nan, ɗauko akwatin."

"In taɓa?"

"Ai ni na ce."

Ta ɗauko. Kaka ya jera gwangwanayen a tebur. Ya nuna mata lambobin da ke jikin kowanne. Ya koya mata yadda ake shafawa siriri, a murza da abin toshe kwalba har ya yi santsi. Ya ce kaki da yawa ba shi ne kaki mai kyau ba. Tana ta tambaya, yana ta amsawa. Da ta ɗaga tsumman da ke ƙasan akwatin, sai ga tabarau.

"Kaka, ga idonka."

Mama ta yi dariya har ta ajiye cokali. Kaka ya ɗora tabarau a hanci, ya dubi Eskil. "Af, ashe haka kake da muni. Ke Uwar Gaggawa, mayar da tabaraun nan inda kika gani."

Asabar da safe yarinyar ce ta fara tashi. Iska ta kwanta. Dutse ya fito fari fat. Ta ruga bakin taga, sannan ta fita ta damƙo ƙanƙara ta matsa. Ta warwatse a hannunta kamar gari.

"Shida ƙasa da sifili," ta gaya wa Kaka. "Kuma ba ta dunƙulewa. Ina ganin shuɗi ne. Haka ne?"

"Haka ne. Shafa in gani."

Hawan bai zo da sauƙi ba. Sau uku ta faɗi. A wani tudu ta sake sulalewa baya. Kaka ya nuna mata yadda za ta buɗe ƙafa kamar agwagwa, ta dinga takawa ɗaya bayan ɗaya. Ashe tun ranar Laraba ba kaki ne matsalar ba. Taku ne ba ta iya ba.

Eskil ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya fasa. Ya miƙo mata rabin cakulan ɗinsa.

Da tsakar rana suka ga rufin bukkar ya leƙo daga cikin ƙanƙara. Kaka yana gaba, yana fito. Suka shiga, suka zauna a benci. Mama ta zuba wa kowa cakulan mai zafi, aka ɓare lemo. Kaka ya sauko da littafin daga kanta. Ya buɗe shafin Mama, mai rubutu karkatacce. Ya buɗe na Eskil. Sannan ya miƙa wa yarinyar fensir.

Ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi. A ƙasa ta ƙara: "Kakana ne ya kawo ni. Shuɗin kaki."

Kaka ya karanta da tabaraunsa. Ya share hanci, ya ce sanyi ne.

Yarinyar ta ɗauki kofinta. Ta hura, ta jira ya huce, sannan ta kurɓa.

Tun daga wannan hutu ta riƙe abu biyu. Abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka taɓa, ko da niyyarka mai kyau ce, domin matambayi ba ya ɓata. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka da wuri. Kada ka bar wani ya ɗauki nauyin laifin da ba nasa ba.