Nas ɗin da ke Magana da Matattu

"Ajiye kwanon a kan dutsen nan, kada ka matso."

Fritznel ya tsaya da kwanon shinkafa da wake a hannu, yana kallon yarinyar da aka sa ranar aurensu bayan girbi. A bayan tantin masu kwalara suke, inda ake shanya takalman roba, rana tana dukan ƙeya. Bai yi musu ba, ya ajiye.

Guerline ta kunce zaren da ke wuyanta, ta zaro zoben da ya ba ta. Sai da ta tsoma shi a bokitin ruwan kulorin tukuna, sannan ta ɗora shi kusa da kwanon.

"Mene ne wannan kuma?"

"Naka ne. Na wanke shi, ba abin da zai same ka."

"Ban tambaye ki ko kin wanke shi ba, abar ƙaunata. Cewa na yi mene ne wannan?"

"Ka nemi wata, Fritz... Wadda mahaifiyarka za ta iya cin tuwon hannunta."

"Ai ita Manman ɗin ce ma ta aiko ni. Ta ce lallai ki zo addu'ar kwana tara ta Papa, ranar Asabar."

Ta ce masa tana da aiki. Ya ce ai ya riga ya tambaya, ranar hutunta ce. Ta ce ba ta da lafiya, ya ce wannan kam makaho ma zai shaida. Sai ta juya ta koma tanti, ta bar shi da zobe da shinkafar da ke hucewa. Ɗan acaɓa ne da duk kwarin Latibonit ya san shi da baki, amma ranar zoben kawai ya ɗauka ya sa a aljihu.

Abin da ya shiga tsakaninsu ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinsa, Papa Anténor, manomin shinkafa ne da ya sha ruwan kogi tun yana rarrafe bai taɓa ko ciwon ciki ba, sai wannan shekarar. An kawo shi a kan ƙyauren ƙofa, idanunsa sun zurma. Guerline ce ta nemi jijiya ta sa masa ƙarin ruwa, leda bayan leda, kuma a hannunta ya cika kafin rana ta faɗi.

Washegari matarsa, Madan Anténor, ta zo bakin shingen tantin da daro a ka. A ciki akwai sabulu, da ganyen lemo, da farar rigar da yake zuwa coci da ita. Ta zo karɓar mijinta ne ta kai shi gida a yi masa wanka. Dokar wurin kuwa a fili take: gawar mai kwalara ba ta komawa gida, a jakar leda take fita, daga nan sai rami. Mai gadi ya kasa faɗa mata, likita ya ɓuya a bayan aikinsa, aka turo Guerline wai ai ita 'yar gida ce.

"Ba za a ba da shi ba, Manman," in ji ta, tana riƙe da ƙofar shingen da hannu biyu.

Tsohuwar ba ta zage ta ba. Da ma zagin ta yi, da ya fi sauƙi. Kallonta kawai ta yi, ta gyara zaman daron a kanta, ta juya.

Tun daga ranar Guerline ba ta ƙara zama daidai ba, ko da yake in za a faɗi gaskiya, ta daɗe tana tsagewa ta ciki. Takan wanke hannu har fatar ta dare tana fitar da jini, ta koma ta sake wankewa. Abinci ba ya wuce mata maƙogwaro. Matar da ta ba ta hayar ɗaki ta ware mata bokiti da kofi, mai burodi kuma daga nesa yake jefo mata nata kamar ana ba kare. Duk wannan za ta iya daurewa.

Abin da ya fi ƙarfinta, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne tana magana da gawa.

Masu aikin gawar sun gudu tun farkon annoba, nas-nas ne ke yi. In ta shiga ƙaramin tantin baya ita kaɗai da mamaci, sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa, tana kiran sunansa, tana ba shi haƙuri, tana gaya masa abin da za ta yi masa. Har a hanyar gida takan tsinci kanta tana ci gaba da hirar. Ita kuwa 'yar fasto ce, a babban birni ta tashi, a gidan da aka ɗauki irin wannan a kan ɗaya cikin biyu: ko shaiɗan, ko taɓin hankali. Ta yanke wa kanta hukunci cewa kanta ne ya fara kwancewa. Ga ta ta hana tsohuwa gawar mijinta, ga ta mahaukaciya. Da wane ido za ta shiga gidan nan a matsayin amarya?

Mis Dieula, babbar nas ɗin wurin (a nan Mis ake kiran kowace nas), mace ce gajeriya mai kaifin harshe, wadda takan shiga ɗakin ajiyar magani ta fito da jajayen idanu ta ce kulorin ne. Kowa ya san ba kulorin ba ne, kowa kuma yana da nasa ɗakin da yake shiga. Ita ce ta tare Guerline da safiyar Asabar, ta ƙwace safar hannun da take ƙoƙarin sawa.

"Ke 'yar birni, in kika faɗi a nan ba ni da gadon da zan ba ki, sai dai bokiti. Ga saurayinki can ya kafe a bakin shinge kamar jaki ya ga gada. Ki je tsohuwar ta zage ki ki huta, zagi bai taɓa sa kowa gudawa ba."

Haka ta hau bayan babur ɗin Fritznel, ta riƙe ƙarfen baya, ta bar tazara tsakaninsu. A hanya ya yi mata hira iri-iri, ya ce zoben yana aljihunsa kuma ba ya cin abinci, zai iya jira. Ya ce shi bai ga laifinta ba ko na ƙwayar zarra. Ita dai gonakin shinkafa take kallo.

Tsakar gidan ya cika. An kafa rumfar ganyen kwakwa, maza suna wasan domino suna dukan tebur kamar da shi suke faɗa, mata suna zagayawa da kofi da shayin citta. Da Guerline ta sauka, hayaniyar ta ragu. Wata ƙanwar marigayin ta janye jikanta gefe, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai yau kuma wa aka zo sawa a leda. Fritznel ya yunƙura zai mayar mata, sai muryar mahaifiyarsa ta fito daga ɗaki.

"Ku bar ta ta shigo. Ita kaɗai."

Madan Anténor tana zaune a bakin gado cikin baƙaƙen kaya. Ta rame, idanunta sun nuna ita ma barci ya daɗe da yi mata ƙaura. Ta nuna kujera, Guerline ta ƙi zama, ta tsaya a jikin ƙofa ta ɓoye hannayenta a baya.

"Manman, ki yafe mini. Doka ce, ba ni da..."

"Ban kira ki don doka ba. Na binne maƙwabta isassu, na san abin da ciwon nan yake yi. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma kada ki yi mini ƙarya don ki faranta mini. Wa ya wanke shi?"

"Ni ce."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Tsohuwar ta damƙe bakin zanen gadon.

"Kin yi masa magana?"

Guerline ta kawar da ido. Ashe wani ya ji ta, ashe labari ya iso har nan, an kira ta ne a tabbatar kafin a raba ta da ɗansu. Ta so ta ce a'a. Amma ta gaji, gajiyar da ba ta bar mata ƙarfin ƙarya ba.

"Na yi..." ta ce, hawaye suna zubo mata. "Na san ba daidai ba ne, Manman. Ban san abin da ke damuna ba. Bakina ne yake yi da kansa. Shi ya sa na mayar wa Fritz zobensa, bai kamata ya auri..."

"Me kika ce masa?"

"Manman..."

"Faɗa mini yadda kika faɗa masa."

Ta rufe ido. Muryarta ta yi ƙasa, ta koma irin wadda take yi a ƙaramin tantin.

"Na ce, Papa Anténor, ni ce Guerline. Ka rasu, Papa, ciwon ya ƙare. Ruwan nan da sanyi kuma yana da wari, ka yi haƙuri, shi muke da shi. Zan juya ka yanzu. Na ce masa kada ya damu da gona, Fritz zai girbe. Da zan ja zif ɗin jakar na ce, za ka ga duhu, kada ka ji tsoro, ka miƙe kawai, Ubangiji yana gaba. Na ce Manman tana gaishe ka... ko da yake ba ki aiko ni ba."

Can sai Madan Anténor ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka kamar wadda aka sauke wa buhu.

"Bai katse ki ba?"

Guerline ta buɗe ido.

"To lallai ya mutu," in ji tsohuwar, tana dariya hawaye na bin kumatunta. "Tun da na aure shi ban taɓa kai ƙarshen magana bai tsoma baki ba."

Sannan ta yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa yaro. A nan ƙauyen, mai wankan gawa ba ya aiki da baki a rufe. Dole ya gaya wa mamaci cewa ya mutu, ya nemi izininsa kafin ya juya shi, ya sallame shi. Wanda aka wanke shiru ba ya sanin ya tafi, sai ya yi ta yawo a bakin gonarsa yana neman hanyar gida. Ba sabulu ne ya kai ta bakin shinge ba, ba kuma farar riga ba. Tun ranar take kwana zaune, tana ganin mijinta a tsaye cikin ruwan shinkafa ba wanda ya ce masa komai.

"Ke kuma kina can kina cewa hauka ne. Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Kawai... na ga bai kamata mutum ya tafi ba wanda ya kira sunansa ba."

"Miƙo hannunki."

"A'a, Manman, hannuna ba..."

"Hannun da ya wanke mijina ne. Miƙo."

Ta miƙa su a tsorace, duk sun dare, sun yi fari kamar an barbaɗa musu gari. Tsohuwar ta riƙe su gam a cikin nata, ta juya su, ta yi tsaki irin na uwar da ta ga an bar ɗanta da yunwa. Rabon da wani ya taɓa fatar Guerline ba safa har ta manta. Ta durƙusa a gaban gadon, ta kifa kai a cinyar matar, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Madan Anténor ba ta ce ta yi shiru ba, ta bar ta sai da ta gaji don kanta.

"Sauran fa?" tsohuwar ta tambaya daga baya. "Su ma kina yi musu?"

"Duka."

"Kina tuna su?"

"Su ne ba sa barina barci."

Tsohuwar ta miƙe, ta buɗe ƙofa, ta kira sunaye. Mata suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna goge hannu a zane, kowace da wanda ta kai tantin nan ba ta dawo da shi ba. Har da ƙanwar marigayin mai kaifin baki, wadda ashe ɗanta na fari ne ya riga yayan nata tafiya. Madan Anténor ta gaya musu abin da ta ji. Sai wata yarinya mai ɗanyen jego ta matso gaban Guerline, ta tsuguna.

"Mis... tawa ƙarama ce, ba ta fara magana ba. Lovelie. Mai jan zare a hannu."

"Na tuna ta," in ji Guerline. "Ita ban yi mata dogon bayani ba. Saɓa ta na yi a kafaɗa, na yi mata waƙar barci har na gama shirya ta."

Yarinyar ta toshe baki da zaninta. Ƙanwar marigayin ta sunkuyar da kai, ta matso ita ma tana jiran a zo kanta.

Fritznel yana tsaye a bakin ƙofa, ya rasa ko ya shiga ko ya koma. Mahaifiyarsa ta hango shi.

"Kai kuma me kake tsaye kana kallo? Je ka ce wa mutanen can su rage dukan teburin nan. Surukata tana magana."