Gadon Zinariya, Babur ɗin Kallamu

"Wurin mutum ɗaya ya rage a motar, Zinariya. Naki ne."

"Baba fa?"

Idrisu ya kau da kai. Ɗan mai lori ne a kasuwar Ogbete, shi mahaifinta Alhaji Na'Allah ya zaɓa mata ta aura. Yanzu ga Inugu ta rikice, 'yan Arewa kowa na ta kansa, jirgin ƙasa ya cika har bisa taragu, shi kuwa Alhaji ɓarin jikinsa ya shanye tun azumi.

"Kaya sun cika motar... a bar shi wajen maƙwabta, in ƙura ta lafa..."

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ta tura ƙyaure.

Sai da ƙarar motar ta ɓace kuka ya ƙwace mata.

Da hantsi sai ga sallamar Kallamu, yana turo tsohon babur ɗinsa mai tari kamar akuya ta ci barkono. Kallamu ɗan dako, wanda Alhaji ya taɓa kora da cewa 'yarsa ta fi ƙarfin mai gammo.

"Ba ka tafi ba?"

"In tafi ina, zuciyata tana ɗakin nan?"

Ta harare shi da jajayen idanu. Wai a wannan hali ma bakinsa bai mutu ba!

"Baba ba zai iya riƙe ka ta baya ba, Kallamu. Faɗuwa zai yi."

"A gaba zan sa shi, tsakanin hannuwana, ke ki zauna a baya. Sai dai kan babur ɗin ya yi gajere, in yana gabana hannuna ba zai kai ba. Dogo nake so, mai lanƙwasowa baya. Kantuna a rufe, kuma ko a buɗe suke sule uku gare ni."

Zinariya ta juya. Ta shiga ɗaki, ta janye zanen da ya rufe gadon ƙarfen da marigayiya Innarta ta bar mata na aure. Shekara shida tana goge shi duk Juma'a.

"Wannan ƙarfen na wajen kai zai yi?"

"Zinariyata... gadon aurenki ne fa."

"Yanka."

Ya sa zarto. Kowane ja ɗaya, sai ta ji kamar a ƙirjinta.

"Saura yashi," in ji shi. "In ba a ɗura wa bututu yashi ba, wajen lanƙwasa sai ya lotse. Kuma busasshe, mai laima fashewa yake a wuta. Ga shi damina ce."

A karo na farko ta yi murmushi. Ta jawo kaskon suyar gyaɗarta, yashinsa soyayye ƙarau.

Tana ɗurawa da ludayi, yana bubbugawa. Suka toshe bakin da katako, ta yi ta fifita gawayi har ƙarfen ya yi ja, shi kuma ya lanƙwasa shi a gindin mangwaro sannu a hankali. Wayar birki ta kasa kaiwa, ya kunto ta tsohon keken Alhaji ya ƙara. Ya ɗaure notuna, ya naɗe mariƙin da robar taya.

Kai, abin ba kyan gani, kamar ƙahon bijimi. Alhaji dai yana kwance a tabarma, amma babu abin da ya wuce idonsa.

Bayan azahar Kallamu ya durƙusa.

"Baba, a gafarce ni, zan ɗauke ka."

Ya ɗora shi kan matashi bisa tanki, Zinariya ta ɗaure su biyu da zanenta, ta hau baya. Suka kama hanyar Makurɗi, kan tsohon yana jingine a ƙirjin mai gammo.

Sun yi nisa, an daina hango hayaƙin gari, Alhaji ya motsa baki da kyar.

"Kallamu."

"Na'am, Baba."

"Gadon wa ka yanka?"

"Na... na Zinariya, Baba."

"To ba mai karɓar amarya da guntun gado sai wanda ya yanka shi. In mun sauka lafiya, ka turo manyanka."

Zinariya ta kifa fuskarta a bayansa, hawaye na jiƙa masa riga, daɗi kamar ya kashe ta.

"Riƙe ƙarfen nan da kyau," ta raɗa masa. "Na Inna ne."