Iskar da Ta Shiga Injin Wanki

Ku matso. Sagiru, kashe fitilar wayar nan, ba a jin irin wannan labari da haske a ido. Wanda kuma ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu, kada gobe a ce Yaya Hajjo ce ta jawo.

Kun san Babana, Kawunku Haladu, gyaran injin wankin mota ne sana'arsa. Kun kuma san ba ya jan igiyar inji sai ya sunkuya ya yi sallama a bakin tiyo. Kuna yi masa dariya a ɓoye, ina ganinku. To yau za ku ji dalili.

Lokacin ina ƙarama, ko makaranta ba a sa ni ba. Wata rana ya taso daga gyara a wani ƙauye. Rana ta yi ja, yana sauri ya riski magariba a gida, sai ya yanke ta tsohuwar hanya, ta bayan gada. Akwai wani wurin wankin mota a nan, gindin tsamiya, bakin kududdufi. An daɗe da watsar da shi.

Wani mutum ya ɗaga masa hannu. Dogo, da farar riga.

"Mai gyara. Injina ya ƙi."

Baba ya tsaya da babur ɗinsa. Kun san halinsa, ba ya iya wuce inji mara lafiya.

Wurin shiru. Ba mota ko ɗaya. Amma simintin jiƙe yake sharkaf, kamar yanzu aka gama wanki. Ko'ina ruwa, ban da inda mutumin ya tsaya. In ya ɗaga ƙafa ya matsa, bushewar sai ta bi shi.

Baba ya gani. Ya ce wa ransa gajiya ce.

Ya durƙusa gaban injin. Ya bi tiyo da hannu, bai lanƙwashe ba. Ya kwance 'yar rariyar da ke tace ruwa, tas take. Ya zura allura a kan bindigar fesa ruwan, ba toshiya. Robobi ba sa yoyo. Fetur akwai. Tanki yana sama a kan ƙarfe, cike da ruwa mai sanyin ƙanƙara.

Sai ya kama igiya ya fizga.

Injin ya tashi. Famfon cikinsa ya shiga ƙwanƙwasa, tiyo yana zillo, bindiga tana tofar da ruwa guntu-guntu. A ƙarƙashin ƙarar kuwa akwai wani sauti siriri, irin na yaron da ya yi kuka har ya gaji.

"Kashe!" in ji mutumin.

A nan ne Baba ya lura. Bakin mutumin ya riga ya rufe kafin muryar ta iso.

Ya kashe injin. Don ya ji muryar kansa kawai, ya faɗi abin da kowane mai gyara zai faɗa in iska ta maƙale a famfo ta hana ruwa ƙarfi.

"Ba wani abu ba ne, Malam. Iska ce ta shiga."

Mutumin ya sunkuyo. Ba ya numfashi.

"Ashe ka san ta."

"Ai kullum muna fitar da ita."

"'Yata ce."

Nafisa, sake min zane, za ki yaga shi. Kun dai san abin da tsofaffi suke kira iska in ba sa son ambaton aljani da baki.

Mutumin ya ce masu wurin na dā ne suka jefa tiyo cikin kududdufi da magariba, ba sallama, ba bisimilla. Yarinyar tana wasa a bakin ruwa, injin ya zuƙe ta. Su kuwa irinsu hannunsu ba ya kama ƙarfe.

"Kai ma kana da 'ya," in ji shi. "Hajjo. Mai ɗan tabo a haɓa."

Wallahi duk sanda Baba ya zo nan a labarin, sai idonsa ya kawo ruwa.

"In tawa ba ta fito ba kafin a kira salla, taka za ta zo ta taya ta zama."

Baba ya dubi yamma. Saura jan baki kawai a sama. Zuciyarsa tana ce masa ja igiya, ba shi wuta, ƙarfi zai turo ta. Har hannunsa ya kai kan igiyar. Sai ya tuna kukan nan. Iska ba ta fita da ƙarfi, ko ta inji ce. Lallaɓa ta ake yi.

Ya cire kan bindiga don hanya ta yi faɗi. Ya buɗe ruwan tanki a hankali. Bai tayar da inji ba. Ya danne kunamar bindigar, ya riƙe. Ya kai bakinsa kusa da tiyo.

"Salamu alaikum, 'yammata. Ga hanya. Fito abinki."

Ruwa ya tofo. Ya tsaya. Ya sake tofowa.

Can nesa, lasifikar masallaci ta yi ƙaraf, alamar ladan ya kama ta.

Yatsun Baba sun ƙage, bai saki ba. Sai ga wani dogon huci, fuuu. Wani abu mai sanyi ya bi ta wuyan hannunsa ya wuce. Ruwa ya miƙe sambal.

"Allahu Akbar," muryar ladan ta tashi.

Baba ya ɗago. Mutumin ya juya baya, yana tafiya wajen tsamiya, hannayensa a naɗe kamar mai rungume da yaro. Simintin nan kuwa busasshe ƙayau, ciyawa ta fito a tsagunansa. Tankin ma ɓule yake, tsatsa ta cinye gindinsa.

Baba bai san yadda ya iso gida ba. Ya tarar da mata cike da tsakar gida, Inna tana riƙe da ni tana kuka. Ta ce tun da rana ta yi ja numfashina ya sarƙe, yana fita guntu-guntu, jikina yana zillo. Ana kiran salla na yi wata doguwar ajiyar zuciya na buɗe ido. Rigata jiƙe take da ruwan sanyi, alhali ba wanda ya zuba min.

Baba ya ɗauke ni. Ni ban tuna ba, Inna ce take faɗa. Wai na dube shi na ce:

"Baba, don me ka ja igiyar? Da zafi fa."

To kun ji. Kada in ji wani ya bi ta bayan gada shi kaɗai, balle rana ta yi ja. Kuma gobe in kun ga Kawunku yana yi wa tiyo sallama, ku yi shiru ku saurara. Wani lokacin ana amsa masa.