Da Sauƙin Inno

"Ba sa kula da ita, Luba."

Jabiru ne ya faɗi haka, ƙafarsa a kan keken ɗinki amma bai taka ba. Luba tana tsaye a bakin shagon da yake aiki a unguwar Hindawiyya ta Jidda, riƙe da ledar zannuwan mahaifiyarta da ta kwaso za ta wanke.

"Sau ɗaya ka je," in ji ta. "Minti goma, a bayan labule. Ni kullum ina can."

"Sau ɗayan ya ishe ni."

"Me ka gani?"

"Ban gani ba, ji na yi. Gadon yana ta 'yar ƙara a hankali. Wanda yake hutawa ba ya riƙe ƙarfen gado haka."

Wata uku ke nan da likitoci suka ce wa Luba halas, wato shi ke nan, ciwon daji ya gama cin ƙashin bayan Inno, mahaifiyarta, babu sauran aiki sai jiran lokaci. Tun ranar ba ta yi kuka ba. Abinci take ci ba ta jin ɗanɗano, magana take yi kamar wata ce ke yi da bakinta.

Abu ɗaya ta san ta yi daidai, shi ne zaɓen gidan jinyar. A Jidda aka haife ta, a unguwar Ammariyya ta girma, kuma shekara huɗu tana karɓar marasa lafiya a wani asibitin haƙori. Ba a yi mata wayo a wannan fannin. Wuri uku ta zaga da littafi a hannu. Na farko tun daga ƙofa warin fitsari ya kore ta. Na biyu ta danna ƙararrawar da ke jikin gado ta zuba wa agogo ido, minti goma sha ɗaya babu wanda ya leƙo. Na ukun, na wata ƙungiyar agaji da ke karɓar waɗanda magani ya gaza a kansu, ta ɗaga zanin gado ta duba katifa, ta shiga banɗaki, ta tambaya ko mata ne ke wanke mata, ko ɗan uwa zai iya kwana, ko akwai likitan da ke da izinin ba da maganin ciwo mai ƙarfi. Ta danna ƙararrawa, kafin ta sauke hannu nas ta shigo. Gadajen ma duk alƙibla suke kallo.

"Na duba komai, ya Jabir. Komai. Ita kanta Inno kullum cewa take da sauƙi."

"Ita ta ce?"

"Da kunnena."

"Lubata, ki saurare ni..."

"Kai da ko iƙama ba ka da ita, kai za ka koya mini asibitin Jidda?"

Maganar ta fita kafin ta auna ta. A nan ne ciwonsa yake. Umra ya zo daga Gumel shekara biyar da suka wuce, ya zauna, kuma rashin takardar zaman nan ne ya sa Kawu Lado, ƙanen marigayi mahaifinta, ya ce ba zai ɗaura musu aure ba sai an samu kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa. Shekara biyu suna jira. Luba ba ta taɓa yi wa Kawu musu ba, ba ta kuma taɓa goranta wa Jabiru ba sai yau.

Ya sunkuyar da kai, ya gyara bakin yadin, ya taka keke.

Ta tsaya tana jiran ta ji nadama ko fushi. Babu wanda ya zo. Ta juya ta tafi.

Inno shekara talatin tana suyar waina a Ammariyya, da Larabcinta na ciniki, daidai gwargwado. Da ciwo ya yi nisa sai Larabcin ya gudu ya bar ta da harshen da ta sha a nono. Don haka Luba ce tafinta. Kullum da safe da bayan la'asar Sista Zakiya, wata doguwar Basudaniya mai sanyin hannu, takan shigo da takarda ta ce a tambayi Hajiya yaya ciwon yau.

Luba ta juya. "Inno, yaya jiki?"

Inno, fuskarta na kallon bango, ta ce, "Da sauƙi. Alhamdu lillahi."

Luba ta ce wa nas, "Ahsan." Wato ya fi jiya.

Zakiya ta rubuta. Da likita ya ga ahsan ya jeru a takarda kwana da kwanaki, sai ran Litinin ya rage maganin, tunda yana ɗaure mata ciki. Likitan bai yi laifi ba, abin da aka rubuta masa ya bi.

Gaskiya ba ta da daɗi amma sai an faɗe ta. Akwai 'ya'yan da aka haifa a ƙasar nan da ke jin Hausa sarai, su yi ciniki da ita, su yi faɗa da ita, amma ba su san cikinta ba. Iyayen ma da nasu alhakin. Suka koya musu kalma, suka bar musu ma'ana a can gida.

Washegarin faɗan shagon, da hantsi, Luba tana goge wa Inno leɓe da auduga mai ruwa, aka ce tana da baƙo. Ta fito ta tarar da Jabiru a kan bencin baranda, zare fari maƙale a kafaɗar rigarsa. Mutumin da ba ya yin nisa da Hindawiyya don tsoron masu tare motoci suna tambayar takarda.

"Yaya aka yi ka zo?"

"Mota biyu da ƙafa."

"In aka kama ka fa?"

"Sai a mayar da ni Gumel, ki huta da mara iƙama." Bai yi murmushi ba. "Ba faɗa na zo yi ba. So nake in ji yadda ake tambayarta. Zan zauna a nan, ki bar ƙofa a buɗe."

Ba ta da ƙarfin gardama. Ya zauna har la'asar, bai ci komai ba. Zakiya ta zo da takardarta, aka yi yadda aka saba. Yaya jiki. Da sauƙi. Ahsan.

Luba na fitowa ta ga ya dafe kai da hannu biyu.

"Me kika ce wa nas ɗin?"

"Abin da Inno ta ce."

"Me ahsan take nufi?"

"Ya yi dama. Ciwon ya ragu."

"Inna lillahi." A hankali ya faɗa. "Luba, kakata ranar da za ta rasu, da asuba na ce Iya yaya jiki. Ta ce da sauƙi. Kafin rana ta take an kai ta."

"Ban gane ba."

"Yaya jiki gaisuwa ce. Da sauƙi amsar gaisuwa ce. Ko ana yanka Bahaushe da wuƙa kika ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Ba labarin ciwo yake ba ki ba, ladabi yake yi wa Ubangijinsa. Balle ke 'yar fari. Matar da ko sunanki ba ta faɗa don kunya, ita ce za ta dube ki ta ce miki tana shan wuya?"

Luba ta jingina da bango. Sanyin tayil ya ratsa bayanta.

"To yaya zan tambaye ta?"

"Kada ki gaishe ta. Kada ki kalli idonta. Ki zauna ta bayanta, ki kama wani aiki. Ki ba ta abu biyu ta zaɓa, yadda ba sai ta kai ƙara ba. Ki ce, Inno, abin nan da wuƙa ya fi kama ko da wuta."

Ta koma ciki. Ta zauna a bayan Inno, ta ɗauki zani tana ninkewa. Sai a lokacin ta lura da hannun. Yatsun sun naɗe ƙarfen gado, gaɓoɓin sun yi fari. Kullum tana ganin hannun nan, ta ɗauka dafawa ce.

"Inno... abin nan da wuƙa ya fi kama, ko da wuta?"

Inno ta ƙara damƙe ƙarfen gadon.

"Wuta ce, 'yar nan."

"A ina?"

"Daga ƙugu zuwa wuya."

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin ɗin da ta wuce waccan." Ta ja numfashi. "Ban runtsa ba. Na ga kina ta wahala, na ce kada in ƙara miki."

Luba ta ƙirga a ranta. Kwana tara. Ta gama ninke zanin tsaf, ta ajiye, ta miƙe ta danna ƙararrawa.

A nan ne ake gane gidan jinya na ƙwarai. Katifa da tayil kowa na iya saya. Luba ta faɗa wa Zakiya komai da Larabci, murya a miƙe kamar mai karanta takarda, har da cewa laifin nata ne. Zakiya ba ta ce ai abin da kuka faɗa muka rubuta ba. Ta ajiye takardar, ta durƙusa ta dubi hannun Inno, ta dubi goshinta, ta taɓa bayan a hankali ta ga yadda tsohuwar ta ƙame.

"Nawa ne laifin," in ji ta. "Bakinki na saurara, ban kalli hannunta ba. Aikina ke nan, kallon hannu."

Ta fita da sauri. Kafin a kira magariba likita ya zo da kansa, aka mayar da maganin, aka ƙara, aka sa shi ta jijiya. Luba tana zaune tana kallon yatsun nan suna saki ɗaya bayan ɗaya, har hannun ya zame ya kwanta a kan katifa. Inno ta yi barci, baki a buɗe, har da minshari.

Zakiya ta dawo da biro da wata 'yar takarda.

"Rubuta mini tambayar nan da haruffan Larabci, yadda zan iya furtawa. Da kalmar da take faɗa." Ta miƙa mata biron. "Hausawa da yawa sun kwanta a ɗakunan nan kafin mahaifiyarki. Ban san sau nawa na rubuta ahsan ba."

Luba ta rubuta. Zakiya ta maimaita, wuƙa, wuta, tana karya harshe, ta liƙa takardar a bangon ɗakin nas-nas.

Inno ba ta farka ba sai da rana ta fito. Ta nemi koko, ta sha cokali huɗu. Ta dubi silin ta ce, "Wa ya koya miki tambayar jiya? Ba taki ba ce."

Luba ta sunkuyar da kai. "Mai ɗinki."

"Ya zo nan? Ba takarda?"

"Ya zo."

"Hm." Inno ta lumshe ido. "Kira mini Lado."

Kawu Lado ya zo da azahar, ya zauna a kujera yana jan carbi, ya fara kawo zancen kafili da abin da mutane za su ce. Inno ta bar shi ya gama.

"Lado, lokacin da yayanka ya kawo ni ƙasar nan, wace takarda ce a aljihunsa?"

Kawu ya yi tari.

"Ku masu takarda kun yi ta zuwa kuna yaya jiki, yaya jiki. Wanda ba shi da ita ne ya ji ni ta bayan labule. Gobe Juma'a nake so. Ba ni da wata Juma'ar bayanta, kada ka sa in roƙe ka."

Aka ɗaura ran Juma'a bayan an sauko, a falon Kawu a Ammariyya, mutum bakwai da dabino. Babu lalle, babu guɗa. Amarya tana gidan jinya tana yanke wa uwarta farce. Da yamma Jabiru ya zo ya durƙusa a bayan labule ya gaida surukarsa. Inno ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sa masa albarka a taƙaice, sannan ta ce a faɗa masa ya ci abinci, ta ji muryarsa da yunwa.

Kwana shida ta yi cikin sauƙi na gaske. Tana barci, tana farkawa, tana ba da labarin rafin garinsu da Luba ba ta taɓa ji ba. Ran Talata da hantsi, Zakiya na riƙe da hannu ɗaya, Luba na riƙe da ɗayan tana maimaita mata kalmar shahada, ta cika.

Luba ba ta yi kuka ba. Ta haɗa kayan Inno a leda biyu, ta yi wa nas-nas godiya ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi gaisuwar mata kwana uku da busassun idanu, har ana ƙus-ƙus a kanta.

Ranar da baƙi suka watse, Jabiru ya same ta a ɗakin Inno, zaune a ƙasa kusa da tandar waina. Ya ajiye mata ruwa, ya zauna nesa kaɗan.

"Kwana tara, ya Jabir," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Tana ƙonewa, ni ina cewa ahsan. Da bakina."

"Haka ne."

Ta ɗago. Ta zaci zai ce ba komai, kamar yadda kowa ya ce.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, matata. Kwana taran nan sun faru. Amma kwana shidan ma da bakinki ne. Ni ina waje. Ke kika tambaye ta, ke ta amsa wa."

Ta daɗe tana kallon tandar.

"Abin da na faɗa maka a shago..."

"Na ji zafinsa. Ya wuce."

Ta matso, ta ɗora goshinta a kafaɗarsa. Da farko babu komai, numfashi kawai. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, wani sauti ya fito daga ƙirjinta mai kama da tari, sannan kukan wata uku ya ɓalle gaba ɗaya.

Jabiru bai ce ta yi haƙuri ba. Ya miƙa hannu ya tura ƙofar, ya bar ta ta yi.