Cizon Da Kafinta Ya Ɓoye

Karen da ke keji na uku ya ƙi shan ruwa.

Likita ta tsaya da kwano a hannu. Kwana huɗu ke nan da aka kawo shi asibitin dabbobin da take aiki, mai shi ya ce ya daina cin abinci kawai. Yau kuwa yawu ke dalala daga bakinsa, yana gatsar wayar kejin har dasashinsa na jini. Shekara shida tana wannan aiki, ba ta buƙatar a gaya mata sunan ciwon.

Haukan kare ne.

Ta ja baya za ta kulle ɗakin, sai idonta ya sauka kan sabuwar sakatar kejin. Kafinta ne ya saka ta, saurayinta na shekara biyu, a ranar da aka kawo karen. Washegari ya zo da hannu a naɗe, ya ce ƙusa ce.

Kwanon ya suɓuce daga hannunta.

Ko rigar aiki ba ta cire ba ta isa shagonsa. Yana goge ƙafar kujera, ya ɗago da murmushi.

"Likitata! Yau kyanwoyin sun ba ki hutu ne?"

"Kawo hannunka."

"Haba, masoyiya, a gaban jama'a? Ki bari a ɗaura mana..."

"Na ce kawo hannunka!"

Ta warware bandejin. Huda huɗu ne, biyu a sama, biyu a ƙasa, wurin ya kumbura ya yi ja.

"Wace irin ƙusa ce mai haƙora?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗan kamu ne kawai, lokacin da nake ɗaure sakatar. Kin san Mama. Kullum cewa take ba za ta haɗa zuri'a da mai wankin karnuka ba. In ta ji karenku ya cije ni, shi ke nan, na rasa ki. Don ke na ɓoye."

Shi a ganinsa sadaukarwa ya yi. Ba sadaukarwa ba ce, wauta ce, kuma irin wautar da ake binne mutum da ita.

"Wa ya ɗaure maka?"

"Ƙanwata mai kemis. Ita ta ce in yi shiru, zai warke."

Likita ta san ta. 'Yar ƙanin mahaifinsa ce, wadda ta daɗe tana kai wa Mama turare da gulma, tana jiran a ce ga mijinki.

Kamar an kira ta, sai ga ta a bakin ƙofa, Mama na gabanta tana huci.

"Sake masa hannu!" in ji Mama. "Ashe gaskiya aka faɗa mini. Kin sa karenki ya yage mini ɗa, kuma kin zo ki rufe!"

"Ai na gaya miki, Mama," in ji mai kemis. "Dubi yadda ya kumbura. Yaya, taso mu je gida, ina da ƙwayoyi."

Likita ta durƙusa cikin garin katako.

"Mama, ki zage ni, na ji. Amma karen nan mahaukaci ne. Ciwon yana bin jijiya a hankali har ya kai ƙwaƙwalwa. Ranar da ɗanki ya ga ruwa ya kasa haɗiya, babu likitan da zai iya masa komai. Ba ƙwaya, ba jiƙo. Allura ce kaɗai, kuma kafin alama ta fito. An riga an ci kwana huɗu."

"Tsorata ni kike yi don ki tafi da shi."

"To kada in tafi da shi. Ki kai shi da kanki, yanzu. Na yi miki alkawari, in aka yi masa allurar, ba za ki ƙara ganin ƙafata kusa da shi ba."

"Likitata, kada ki..."

"Yi mini shiru! Gara ka rayu da wata."

Mama ta dubi hannun ɗanta. Sannan ta juya a hankali.

"Ke mai sayar da magani, da kika ga ciwon, kin san da wannan?"

"Mama, ni... na ɗauka..."

"Yaushe kika gani?"

"Tun ranar."

"Me ya sa sai yau kika faɗa mini?"

Mai kemis ta kawar da kai. Jira ta yi hannun ya kumbura ya yi muni, don maganarta ta fi kama zuciyar Mama. Da ran wanda take so ta yi caca.

A asibiti aka wanke ciwon, aka zagaye shi da allura har Kafinta ya cije leɓe, aka rubuta masa ranakun sauran. Ma'aikacin asibitin ya ce an makara, amma ba a fid da rai ba, a sa masa ido.

Washegari karen ya mutu. Gwaji ya tabbatar.

Likita ta cika alkawari. Kafinta ya kira, ba ta ɗauka ba. Tana yi wa kyanwoyi rigakafi, tana ɗinke kunnen zomo, amma duk ƙarar waya sai ta zabura. Ko famfo ta buɗe, sai ta tuna kejin nan.

A mako na uku, da hantsi, wayar ta yi ƙara. Mama ce.

"Zazzaɓi yake yi," in ji ta. "Na kasa ba shi ruwa... tsoro nake ji. Ki zo, don Allah."

Ta same shi kwance a falo, gumi ya jiƙa matashin. Kofi na kan tebur, cike, ba wanda ya taɓa. Ta ɗauka da hannu biyu don kada ya zube.

"Nawa... tashi ka sha."

Ya buɗe ido. Ya kalli ruwan.

Mama ta damƙe kafaɗar Likita har faratanta suka shige.

Ya kai kofin baki. Maƙogwaronsa ya motsa. Sau ɗaya. Sau biyu. Ya shanye tas, ya miƙo mata.

"Ƙaro. Tun safe nake roƙo, Mama ta tsaya tana kallona kamar fatalwa."

Likita ta fashe da kuka, Mama ta taya ta. Da aka auna jininsa, zazzaɓin sauro ne.

Ta miƙe za ta tafi, Mama ta riƙo gefen rigarta, rigar aikin da ta sha kira mai warin kare.

"Ina za ki?"

"Alkawari, Mama."

"Ni aka yi wa, na yafe. Wadda ta yarda ta rasa shi don ya rayu, ita zan ba. Ki dai riƙa wanke hannu kafin ki taɓa mini tukunya."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Mai kemis ba ta zo ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Har yau, in Kafinta ya ɗaga kofi, matarsa takan ajiye abin da take yi, sai ta ga ya haɗiye.