Alfadarin da Ya Warware Rantsuwar Cleophus

Ozella na cikin soya kifi a madafa ta jiyo muryar babanta daga baranda, nan take ta san zuwan saurayinta Cleophus bai yi daɗi ba. Baba Hosea dattijon coci ne a gefen kogin Yazoo, irin mutanen da ko dariya za su yi sai sun duba ko ta halatta. Shi kuwa Cleophus makaɗin buluz ne, kiɗan bege da koken rayuwa na baƙaƙen fatar yankin. Wuyan kwalba yake sawa a ɗan yatsa ya goga wa jita har ta yi kuka kamar mutum, kuma duk inda ake shagalin Asabar sai an aika masa.

"Waƙar Shaiɗan kake yi, yaro," in ji Baba Hosea. "In 'yata kake so, ɗora hannu a kan Littafin nan ka rantse ba kiɗa ba waƙa har shekara ta zagayo. In ka iya, sai mu yi maganar aure."

Cleophus ya rantse. Ozella ta sha kuka, don ta san abin da ya fi so a duniya ya ajiye saboda ita.

"Ki yi kukanki, amma ki juya kifin," in ji mahaifiyarta, Mama Luvenia. "Ba za mu kwana da yunwa a kan soyayyarki ba."

Wata bakwai Cleophus na aiki a injin gurzar auduga, bakinsa gum. Abokai suka sa masa suna Fasto. Ya rame, in ya zo zance sai Ozella ta ga yatsunsa na motsi a kan gwiwa su kaɗai. Rannan tausayi ya ishe ta.

"Ɗauko jitarka mu gudu Memphis," ta ce.

"Ke kaza ce da zan sace ki? Ta ƙofa zan fita da ke, babanki na ɗaga mana hannu."

Ana haka lokacin huɗa ya zo. Kawu Booker, ƙanen Baba Hosea da ke riƙe masa garma, ya hau jirgin ƙasa ya tafi Chicago neman aiki, ya bar su da alfadarinsa. Dabbar nan a sansanin masu gina madatsar kogi ta tashi, inda ba a korar alfadari sai da waƙa, don haka in ba ta ji an rera irin tasu ba, ko taku ɗaya ba ta yi. Baba Hosea ya yi tsawa, ya yi lallashi, ya rera waƙoƙin coci har uku. Alfadari ya saurara cikin ladabi, bai motsa ba. Kwana huɗu maƙwabta na shuka, gonar Baba Hosea na kwance.

Ozella ce ta kai masa ruwa gona, ta ce a hankali, "Baba, na san mai iya magana da shi."

Tsohon ya gane wanda take nufi, ya ce a kira Cleophus.

"Yi masa irin ihun nan naku," ya ce wa Cleophus da ya iso.

"Baba, ai na rantse."

"Alfadari za ka yi wa, ba mutane ba."

"Littafin bai ware alfadari ba, Baba. Sauran wata biyar."

Ozella ta toshe baki da gyale kada dariya ta kuɓuce mata. Baba Hosea ya cire hula ya share zufa.

"To, na warware. Ni na ɗaura, ni na kwance."

"Har da jitar?"

"Har da kwalbar. Kama garma, yaro, kada ka sa in yi saɓo."

Cleophus ya buɗe murya ya ja wata doguwar waƙa a kan talaka mai son 'yar dattijo. Alfadari ya miƙe kunnuwa ya ja garma, ƙasa ta fara tsagewa. Ozella ta fashe da kukan murna, don wata bakwai ke nan rabonta da muryar nan.

Bayan tsinkar auduga aka ɗaura aure. Shekara arba'in Cleophus ya yi yana kiɗa, ya yi fayafayai a Memphis, kuma duk nisan tafiya gida yake dawowa wurin Ozella. In jikoki suka tambayi Baba Hosea yadda aka yi ya ba makaɗi 'yarsa, sai ya ce, "Yaron da ya ƙi karya alkawari ko da ni na roƙe shi, ba zai karya wa uwarku ba." Haƙuri da cika alkawari ne suka ba Cleophus matarsa, ba tare da ya rasa waƙarsa ba.