Kukan Jirgin da Ba a Gani Ba

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Alhamis aka bugo waya caji ofis cewa jirgin ƙasa ya kashe mutum a kasuwar kan layi ta Agege. Sufeto Ɗan'azumi ya ture kofin shayinsa, ya kira Saja Nafissa, suka fita. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a unguwar, ya ɗauki gawar da jirgi ya bi ta kai ba sau ɗaya ba, amma har yau bai saba da irin wannan aiki ba.

Baƙo in ya ga wurin sai ya ce masu kasuwar ba su da hankali. A kan ƙarafan layin dogo suke baza tumatir da albasa da busasshen kifi, su zauna suna ciniki kamar a tsakar gidansu. Amma suna da doka guda da ta raya su shekara da shekaru: in ka ji hon ɗin jirgi, ba waiwaye, ba tambaya. Ka sunkuci tirenka ka faɗa ɗan lungun da ke gabas da layin, domin ta yamma kwata ce mai zurfi.

A bakin wannan lungun gawar take, an rufe ta da zane. Sunansa Idrissa, mutumin Maraɗi, albasa yake sayarwa. Sufeto ya ɗaga zanen ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ba hannu a cire, ba ƙafa a karye. Jirgi ba ya barin mutum haka.

Ya taka zuwa wurin dattijon da ke riƙe da tuta a mahaɗar titi da layin.

"Wane jirgi ne ya wuce da tara?"

"Babu, Oga. Na safe ya wuce bakwai saura kwata. Na gaba sai huɗu da rabi."

"To me mutane suka ji?"

Dattijon ya dubi layin. "Ni ma na ji shi. Kukan jirgi ne sak. Na ɗaga tuta na tsaya ina jira, ban ga komai ba. Yau karo na uku ke nan. Litinin ya yi, Talata ya yi, yau ya ci mutum."

Kasuwa ta riga ta yanke hukuncinta. Mata na raɗa cewa jirgin aljanu ne, na mutanen da layin ya cinye. Wani mai tumatir kuwa, idonsa jawur, ya tare Sufeto yana ɗaga murya.

"Oga, mun gama gudu! Sau uku muna zubar da kaya a banza, yau gudun ne ya kashe Idrissa. Wallahi mun yi magana, duk abin da ya sake busawa ba mai tashi. In aljani ne ya zo ya same mu a zaune."

Da yawa suka amsa masa. Sufeto ya dubi agogonsa. Aljanu ba su dame shi ba. Jirgin huɗu da rabi ne ya dame shi, wanda zai zo da gaske, ya busa, ya tarar da mutum ɗari suna ta shawara ko su tashi ko kada su tashi. Ko ya kawo 'yan sanda ya kore su yau, gobe za su dawo, kuma ba shi da kuratan da zai tsare layi kullum.

A ɗakin ajiye gawa na asibiti likita bai ɓata masa lokaci ba.

"Ba tattake shi aka yi ba. Abu ɗaya ne ya buge shi a ƙirji, ƙarfe zagayayye kamar bututu, a kwance. Haƙarƙari huɗu sun karye a layi guda."

"Motar haya ce, irin danfo?"

"Danfo ba ta kai nan ba. Ka nemi mota mai tsayi, irin wadda ake sa wa ƙarfe a gaba."

Suka koma kasuwar wajen sha ɗaya da rabi. Saja Nafissa ce ta lura da abin da ya wuce Sufeto. Ko'ina kaya ne a warwatse, an tattake tumatir har ƙasa ta yi ja. Amma wata tsohuwa mai barkono tana zaune a tsakiyar layin, kasonta goma sha biyu a jere, ko ɗaya bai rushe ba.

Sufeto ya tsuguna a gabanta ya gaishe ta. Ta ce sunanta Ummukulsum, shekara talatin tana nan.

"Inna, da aka busa hon, ina kika gudu?"

"Inda kowa ya gudu."

"Da kayanki?"

"Na sake jera su."

"Kin ga wata mota a lungun?"

"Idona ba ya gani da nisa, ɗana."

Tana faɗin haka ta hango wata mai saye tana tahowa daga can nesa, ta kira ta da sunanta. Da suka matsa gefe Sufeto ya ce wa Saja, "Tsohuwar nan ba ta gudu ba. Ta san ba jirgi ba ne. Kowa a nan tsoron aljani yake, ita tsoron mu take."

Gareji huɗu suka shiga kafin wani mai facin taya ya nuna musu na Baba Wasiu, Bayaraben bakanike da ya yi suna wajen ƙawata motocin shiga daji. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Agege, amma da ya ga kakin 'yan sanda sai ta fara ƙwace masa.

"Hon na jirgi? Ah, Oga, ni ba na irin wannan. Na rantse. Hon na danfo kawai."

Saja Nafissa ta zagaya bayan wata tsohuwar mota, ta jawo wani dogon kwali. A jikinsa hoton ƙaho uku ne na ƙarfe, da tankin iska, da injin da ke cika shi. Kwalin sabo ne, ko ruwan sama bai taɓa shi ba.

"Wannan na danfo ne?" in ji Sufeto.

Baba Wasiu ya zauna a kan taya.

"Abeg, Oga, don Allah. Ni aiki aka kawo mini. Jif ce baƙa, ya ce yana zuwa gonarsa bayan Ikorodu, direbobin tirela ba sa jin hon ɗinsa. Na ɗaure tankin a ƙarƙashi, na sa masa maɓalli daban a gefen sitiyari. Ko gwadawa ban yi a nan ba, sai da muka fita bayan gari. Babu bakaniken Agege da zai busa wannan abu kusa da layi. Na faɗa masa, wallahi sau biyu na faɗa masa."

"Wane ne?"

"Alhaji Mahbub. Ai ya fi ni sanin layin. A kansa ya girma, ɗan Mama mai barkono ne."

Sufeto da Saja suka dubi juna. Ƙarfe biyu ta wuce da kwata.

Gidan Mahbub bene ne sabo fil, a can ƙarshen unguwa. Jif ɗin na tsakar gida, an wanke ta tas, ruwa na ɗiga daga tayoyinta. Mai gidan ya fito cikin farar shadda, mutum ne ɗan shekara arba'in, mai fara'ar da ba ta kai ido ba.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Ina kake da ƙarfe tara na safe?"

"Ikorodu. Tun asuba na tafi gona, yanzun nan na dawo."

"Hanyar gonar tana da laka, shi ya sa aka wanke motar?"

"Ƙwarai."

Sufeto ya leƙa magudanar da ruwan wankin ya bi. Babu jar laka ko kaɗan. Ya dawo gaban motar, ya shafa ƙaton ƙarfen da aka gicciya mata, ya ji inda ya ɗan lotsa. Sannan ya zura yatsu biyu ta bayan ragar gaba, inda soso ba ya kaiwa, ya zaro ɓawon albasa ja, ya sake zaro wani.

"Albasa kake nomawa a Ikorodu, Alhaji?"

Mahbub ya dubi ɓawon albasar, ya kau da kai.

"Bakanikenka ya yi magana," in ji Sufeto. "Mahaifiyarka kuwa ta yi mini ƙarya saboda kai, tsohuwa mai furfura. In ka ci gaba da musu, ita zan fara ɗauka, don ta ɓoye mai laifi."

"Kada ka taɓa ta!"

"To yi magana. Ba ni da lokaci."

Mahbub ya zauna a kan matakala. Da ya fara, muryarsa ta koma ta ɗan unguwa.

"Yallaɓai, dubi gidan nan. Ɗaki na gina mata da banɗaki a ciki, har da AC. Ta ƙi. Ta ce in ta bar layi zaman kaɗaici zai kashe ta, can ne ƙawayenta suke. Ƙafarta ta hagu ba ta ɗaukarta sosai yanzu. Kullum in na ji jirgi ya busa, ko ina ofis, sai in ce yau ce. Na roƙe ta, na tura mata malamai, na tura 'yan'uwanta. Ranar da aka sa mini hon ɗin nan na ji ƙararsa, sai shaiɗan ya raya mini: in ta tsorata sau biyu, sau uku, ta ga ba ta iya gudu, da kanta za ta haƙura."

"Ta tsorata?"

Ya yi wata dariya mai ɗaci. "Ran Litinin ta gudu. Ran Talata ta hango motar. Ta kira ni ta ce in na sake, ba ni ba ita. Na ce sau ɗaya ya rage. Kwana biyun farko daga babban titi na busa. Yau sai na ce bari in matso ta ji sosai, na shiga lungun."

"Lungun da kowa yake gudu ya faɗa."

"Na sani, Yallaɓai. Ni ma a cikinsa nake faɗawa ina yaro. Wallahi na manta, ita kawai nake kallo. Ina dannawa sai ga mutane sun yo kaina kamar ruwa. Na ruɗe, na taka mai maimakon birki. Na ji ƙarar a ƙirjinsa. Na yi baya na gudu." Ya rufe fuska da tafukansa. "Idrissa ne ke ɗaukar mata buhu kullum da yamma."

Saja Nafissa ta sa masa ankwa. Ƙarfe uku da rabi ta yi.

Sufeto ya aika aka ɗauko Baba Wasiu da sifanunsa. A tsakar gidan ya kwance ƙahonin uku, kusoshi na zubewa. Kafin su kutsa cunkoson titi su isa layin, huɗu da minti ashirin ta gota.

Sufeto ya hau kan wani benci ya ɗaga ƙahonin sama.

"Ga aljaninku! Hon ɗin mota ne, an cire shi, mai shi yana hannu. Daga yanzu duk abin da kuka ji jirgi ne na gaske. Ku tashi!"

Waɗanda ke kusa suka ji. Na nesa suna ta tambayar me ya ce. Mai tumatir yana gardama wai a fito da mutumin su gan shi. Ana cikin haka ƙarfen layin ya fara rawa a ƙarƙashin takalmin Sufeto, sai hon ya tsaga iska daga kudu.

Daƙiƙa biyu ko uku babu wanda ya motsa. Sufeto bai taɓa jin tsoro irin na wannan ɗan lokacin ba. Mutanen da ba su taɓa waiwaye ba suka tsaya suna waiwaye.

"Jirgi ne! Jirgi ne!" Saja Nafissa ta kurma ihu, tana tura mata biyu lokaci guda.

Kasuwa ta watse. Tire ya kife, kwando ya gangara, mai tumatir ne ma a kan gaba. Layin ya zama fayau, sai mutum ɗaya. Ummukulsum na zaune a gaban barkononta, ba ta kallon jirgin. Motar 'yan sanda take kallo, inda ɗanta ke zaune da ankwa.

Mahbub ya buga kansa a ragar tagar.

"Inna, ki tashi! Ba ni ba ne! Inna, wannan ba ni ba ne!"

Ta yunƙura, ƙafar hagu ta ƙi. Sufeto ya yar da ƙahonin ya dira kan layin, ya cafke ta ta ƙugu, suka faɗi tare a bakin lungu. Jirgin ya wuce yana girgiza ƙasa, ya niƙe tiren da kason barkonon duka. Yaji ya tashi, kowa ya kama tari.

Da ƙarar ta lafa, tsohuwar ta tashi zaune ta gyara ɗankwalinta. Ta ɗingisa har jikin motar. Mahbub yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana neman ta yafe masa.

"Ni ba ni ka kashe ba," ta ce. "Idrissa yana da 'ya'ya huɗu a Maraɗi. Ni zan kira uwarsu, don ni kaɗai ke da lambarta. Ka faɗa mini abin da zan ce mata."

Ta jira, ta sake jira, sannan ta juya tana laluben wayarta a ƙullin zane.

Sufeto Ɗan'azumi ya kakkaɓe wandonsa, gwiwarsa na zubar da jini, ya shiga gaba ya ce wa direba su tafi.